Tuwon Na-Gungu

Har yanzu in na ji ƙarar babur sai in kasa zama wuri ɗaya, in yi ta tuna Kaka da wutar kara da take hurawa.

Muna yara a ƙauyenmu, yamma da Illo, bayan isha'i takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu zagaye ta muna korar sauro. "Wagga ba tatsuniya ba ce," takan ce, "kada in ji bakin kowa." Sai ta ɗauko labarin Na-Gungu.

Mutum ne da ya tsere daga aikin tilas na Nasara, ya sace bindigar ɗan sanda, ya tare a wani gungu, wato tsibiri, tsakiyar kogin Kwara. In Ingilishi suka biyo shi, ya ƙetare zuwa yankin Faransa. In Faransa suka taso, ya dawo. Yana tare ayarin Nasara, harsashi ba ya cinsa. Wurin da muka fi so shi ne inda uwar Kaka, tana budurwa, take ɗaukar akushin tuwo ta kai masa cikin ciyawar bakin ruwa. Nakan ce, "Kaka, da ni ce ma zan kai!" Ta ce, "Ke da ke gudun kaza?" A yi ta dariya.

Makon jiya wasu mutane suka shigo garinmu a kan babura, fuskoki a naɗe. Ba su harbi kowa ba. Sun ce a dafa, a kai musu bakin daji. Babbansu ya nuna ni da bakin bindiga: "Waccan za ta kawo." Na kai. Miya na zuba a wuyana. Da zan juya ya ce ranar kasuwar Lolo za su dawo, kuma ni yake son gani.

Na samu Kaka a ɗaki, yanzu ba ta gani sosai. Na ce, "Kaka, uwarki da take kai wa Na-Gungu tuwo, ba ta jin tsoro?"

Ta daɗe tana laluben hannuna.

"Mi kike so in ce maki, ɗiyar nan? Yara nike ba labari, dole in ba su wanda za su iya barci da shi." Ta matse yatsuna. "Ba uwata ta fara kai tuwon ba. Yayarta ce, Hajo. Ta kai, ta kai, ran nan akushin kaɗai aka tsinta."

Duk shekarun nan ina ɗaukar labarin na jarumi ne. Ban taɓa tambayar wa ke dafawa ba, ko wa aka aika, ko an tambaye ta.

Kaka ta ɗaga murya ta kira babana da sunan da ba ta taɓa faɗa ba, na ɗan fari. "Nemo mai kwalekwale. Yarinyar ga ba ta kwana biyu garin nan."

Ina ɗaure kayana yanzu. Sunan Hajo nake ta maimaitawa.