Harajin da Inna Safara'u Ta Kai Gidan Baba Inuwa

Hayaƙin gidan Inna Safara'u ne yake riga na kowa tashi a unguwarmu. Gumin shinkafa take yi. Da ta idar da sallar asuba sai ta tsame shinkafar da ta kwana a jiƙe, ta ɗora a rabin ganga, ta zauna tana iza wuta har tururi ya ratsa. Hantsi na yi ta shanya, ta ja kujera, da sanda a hannu saboda awakin maƙwabta. Haka muka taso muka gan ta. Ƙungiyar mata masu gumi da ta daɗe tana jagoranta ma ba ta da ofis, gindin darbejiyar ƙofar gidanta ne.

Makon jiya ta sauka daga shugabancin. Gwiwa ta ƙi. Ta miƙa wa mataimakiyarta Bushira, aka sha kunu, aka watse. Babu wanda ya tashi ya ce komai. Bai kamata a watse haka ba.

Mutane sun fara manta shekarar korona. An rufe kasuwa, motocin kifi suka daina zuwa, wanda sai ya fita yake ci ya zauna yana kallon bango. A lokacin ne wasu 'yan kasuwa da 'ya'yan Haɗeja mazauna nesa suka haɗa tallafi. Suka ce ba su za su raba ba, ƙananan ƙungiyoyin unguwa za a ba, su suka san gidan da ba a hura wuta ba. Da kason su Inna ya zo, shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, suka saya a hannun manoman fadama da suka rasa mai saye, suka guma da kansu, suka haɗa da mai da sabulu.

Ta hana a tara mutane a layi. Akwai tsoron cuta. Amma abin da ta faɗa wa matan shi ne, "Mai yunwar gaske ba ya zuwa layi. Bin sa ake yi."

Aka bi gida-gida, kowa ya karɓa, ban da Baba Inuwa.

Tsohon masunci ne, Babarbare. A zamaninsa in ya dawo daga su, babu gidan da ba ya aika wa tarwaɗa. Ciyawar kacala ta cinye ruwan da ya sani, ƙarfi ya tafi, ya koma saƙar komar kamun kifi yana kaiwa kasuwa. Kasuwar kuma ga ta a rufe. Matarsa Zinariya na kwance, maganinta ba a shan sa da ciki wayam.

Bushira ce ta kai masa. Ko taɓawa bai yi ba.

"Ki gaishe da Safara'u. Ki ce Inuwa bai fara cin sadaka ba tukuna."

Ta dawo da ƙunshin a kai. Ta ce, "Inna, kaza na gani kwance a murhunsu."

Inna ta san irinsa: in aka matsa masa zai rufe ƙofa, a wayi gari ana sallar gawar Zinariya. Washegari da la'asar ta ɗaura takunkumi, ta ɗauki kayan da kanta. Ita Bafillatana ce, kakanninta da shanu suka shigo garin. Kowa kuwa ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari: wasa ne na gado, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a fushi, kuma ba a taɓa sallamawa.

Ta tsaya nesa da zaure ta ɗaga murya, maƙwabta na ji.

"Ina Babarbaren gidan nan?"

"Wace Bafillatanar ce ta ɓato hanya? Babu saniya a nan."

"Dukiyata na zo dubawa. An ce bawana ya rame. Wa zai saye ka a haka?"

Ya leƙo, ya ga abin da ke kanta. Fuskarsa ta canza.

"Safara'u, koma da sadakarki."

"Sadaka? Wa ka taɓa ji ya zuba wa akuyarsa dusa ya ce ya yi sadaka?"

Wani a gefe ya tuntsire da dariya. Abin ya zama wasa, wasa kuma sai an rama. Baba Inuwa ya gyara tsayuwa, ya dafa bango.

"Ke dai faɗi gaskiya. Haraji kika kawo wa ubangidanki. Kuma kin makara."

Nan ne wajen. Da wata ce da ta rama, don amsa na bakin kowace Bafillatana tun tana goye. Inna sai ta sauke kayan. Ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, a gaban jama'a.

"Tuba nake, ranka ya daɗe. A karɓa da haƙuri."

"Ya yi kaɗan," in ji shi. "Kai ciki. Kada a sake."

Kafin magariba hayaƙi ya tashi a gidan. Har aka buɗe kasuwa harajin bai yanke ba. Zinariya ta miƙe, tana nan da ranta.

Inna kuwa ta biya. Har gobe danginta in an haɗu a suna sai sun ce ga wadda ta sayar da Fulani da kwanon shinkafa. Barebarin unguwa kuma sun samu abin faɗa na har abada. Dariya kawai take yi.

Inna, ke ce kika gane cewa tara tallafi ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne shigar da shi gidan da ya saba bayarwa. Ke ce kika ajiye girmanki a ƙasa don dattijo ya taka ya karɓi abinci da kansa a sama. Uwar gumi, mai sanin ƙofar kowa. Mun gode. Waɗanda suka haɗa tallafin ma Allah Ya saka musu, sun yi hankali da suka ba irinki. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya sa ki gama da duniya lafiya.

Saura mu. Wata masifar za ta zo, ko cuta ko ambaliya, kuma za a sake damƙa wa wani a cikinmu buhu a ce ya kai. Wanda aka ba, kada ya dawo ya ce an ƙi karɓa. Ya koma, ya nemo inda zai durƙusa.