Ranar da Aka Sa Wasan Ƙarshe Lokacin Juma'a

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai taɓa wata Juma'a da na yi a Haɗeja, shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira.

Ina koyarwa a Auyo a lokacin, kuma na haukace da ces, darar nan ta Turawa. Sai aka shirya gasa a kulob ɗin ma'aikata: wanda ya ci zai tafi Kano, inda ake tace masu wakiltar ƙasa a waje. Damina ce, ruwa ya cinye hanya, na shiga kwalekwale na zo. Ban taɓa wuce Kano ba, amma a raina har na hau jirgin sama.

Na kai wasan ƙarshe, ni da wani malamin asibiti, Kirista, mutumin Filato. Alƙalin wasa wani akawu ne da ya yi wata shida a Ingila ya dawo ya fi Bature Turanci. Ya sa wasan ƙarfe ɗaya da rabi, daidai lokacin da liman ke hawa mumbari. Na roƙe shi ya ɗaga zuwa uku.

"Malam, a ƙasar waje agogo ba ya jiran kowa," in ji shi. "In ba ka zauna ba, an cinye ka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fita na nufi masallaci. Allah Ya yafe mini, huɗubar ranar ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Da aka idar na koma ɗaukar jakata kawai. Sai na tarar da abokin karawata a gindin tsamiya yana ɓarar gyaɗa, akawu na tsaye kansa yana ta kumfar baki. Ashe malamin asibitin ƙin zama ya yi. An ce a rubuta ya ci, ya ce bai taɓa ko dokin da ke kan allon wasan ba, me ya ci? An yi barazanar korar mu duka, ya ce to Haɗeja ta tura akawu.

"Da Lahadi ka sa da safe, ni ma ina coci," ya ce masa. Ya juyo gare ni. "Malam, ka yi mana addu'a dai ko? Zo mu gani."

Dole akawu ya tayar da agogo. Muka yi awa biyu, na cinye shi da ƙyar. Ya miƙo mini hannu yana dariya, ni kuwa kunya ta hana ni kallon idonsa, don kujerar da ya riga ya samu a ɓagas ce na ɗauke.

A Kano kwana biyu na yi aka koro ni, jirgin sama sai dai na hango shi. Amma shekara ta gaba an sake jadawalin kulob, ba wasa lokacin Juma'a, ba wasa Lahadi da safe.

Tun daga nan na gane cewa dokar da ta tsare wani a ƙofa ba kukan wanda aka tsare ke karya ta ba. Sai wanda aka bari ya shiga ya tsaya ya ce ba zai shiga shi kaɗai ba.