Miyar da Inna Ta Ce Ba Ita Ta Yi Ba

A kasuwar Gwiwa labarin ya same ni, a bakin wani mai kanwa ɗan Ɓaɓura. Ranar ni na kai nono. Mutumin yana ta cigiyar 'yan rugar da ke bayan duwatsun Roni, aka nuna masa ni, ya ce in koma in gaya wa mutanen gidanmu ɗansu ya dawo. Tare suka taso daga Sudan, suka rabu a Kano. Namu ya sauka Kazaure wajen goggonsa, kuma ya ce a faɗa a gida da shi za a yi cika-ciki.

Wallahi ban san yadda na iso gida ba. Sauran nonon duk a zanena ya ƙare, ludayin ma a hanya na yar da shi.

Hamma ne, babban wanmu. Ya tafi hajji a ƙasa tun ban iya ɗaura zane ba. A zamanin En'e tafiya Makka da ƙafa ba wasa ba ce, a yi tafiya a tsaya a yi aikin auduga, a samu guzuri a ƙara gaba. Wasu su dawo, wasu sai dai labari. Ni ko kamanninsa ban riƙe ba.

Na faɗa gida ina ihu. Baffa ya saki igiyar da yake tufka, ya ɗaga hannu sama yana ta hamdala. Inna tana bakin turmi tana surfe. Ta tsaya da taɓarya a sama na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da dakanta.

"To," ta ce. "Ina ludayina?"

Ludayi! Ɗanki ya dawo daga bakin duniya, ke kina tambayar ludayi! Na cika na yi fam, amma na san dalili. Hamma ɗan fari ne, kuma a wajenmu Fulani uwa ba ta kula ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana, in ya shigo ta nan ita ta fita ta can. Ana yaye shi aka miƙa wa Goggo, ƙanwar Baffa, wadda ke auren wani magatakardan hakimi a Kazaure, ita ta raine shi. Ranar da zai tafi Makka ma, an ce Inna jeji ta shiga neman itace don kada a ga fuskarta. Kowa yana yaba mata kunya. Ni kuwa, auta mai bakin tsiya, abin haushi yake ba ni.

Sai ga saƙon Goggo ya biyo baya: kwana ɗaya tak zai yi mana. Mijinta ya samo masa aikin koyar da karatu a birni, gari na wayewa za su juya. Ke nan abin da Inna ta samu bayan duk shekarun nan yamma ɗaya ce, ita ma ba ta da ikon ta ce masa sannu da zuwa.

To fa, daga ranar gidanmu ya rikice. Inna ta hana ni kai man shanu kasuwa, ta ce a tara. Ta sa Baffa ya je ƙauyen gaba ya nemo zabi, ya kawo, ta ɗaga su ta ce ramammu ne, ya koma ya sake. Ta fito da shinkafar da take ɓoyo a ƙasan randa tun bara. Kabewar da ke kan rumbu kullum sai ta je ta ƙwanƙwasa ta ji ko ta ƙosa. Daddawa kuwa ta ce ta kasuwa ba ta yi mata ba, sai ta wata tsohuwa a Roni, ni aka aika, na dawo ƙafata duk ƙaya.

"Inna, duk wannan don wa?" na tambaye ta, ina sane.

"Don cika-ciki mana. Yau kika fara ganin cika-ciki?"

"Bara ai kaza ɗaya muka yanka, ita ma mai tari."

"Bara daban, bana daban. Tashi ki ba ni wuri."

Da yamma in mun zauna tsince shinkafa sai ta yi ta lissafa abin da za a girka, ta rushe, ta sake ginawa. Tuwon shinkafa da taushe. A'a, a ƙara da na sabon gero, wani ba ya son shinkafa. Waina fa? A yi waina. Fura kuma a dama ta da kindirmo, kada a tsinka ta da ruwa, akwai wanda tun yana ƙarami ba ya shan tsararo. Na ce wane ne wannan? Ta ce mutane dai. Ni da wata ƙanwar Baffa ta wajen uba da ke zaune da mu muka ƙunshe dariya har cikinmu ya ƙulle. Ni kaina murna ta hana ni sukuni, ko tatsa nake yi sai in tsinci kaina ina waƙa, saniya tana waiwayena.

Amma uwar tafiyar ita ce jela. Kowace Babbar Sallah in an yanka ragon layya, Inna takan cire jelarsa ta shafe ta da gishiri, ta rataye a saman murhu, hayaƙi ya yi ta dukanta har watan cika-ciki ya kama. Ranar ake sauko da ita a yi miya, kowa a gidan ya samu rabonsa ko da ɗan tsoka ne, don albarkar layyar bara ta shiga sabuwar shekara. Ragon wannan shekarar kuwa ƙato ne, jelarsa ta yi kitse, ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya tana ɗigar mai. Wannan miyar Inna ba ta yarda wani ya sa mata hannu.

Ranar ta zo muna azumi. Tun da hantsi aka hura wuta murhu-murhu a tsakar gida. Ni ce a kan tanda, ƙullun waina ya tashi har yana neman zubowa daga ƙwarya. Maƙwabta suka shigo taya mu figar zabi, ana ta hira ana shewa. Girki da azumi a baki ai sai gwani, ba dama ka ɗanɗana. Inna da hanci take aune gishirinta. Ta wanke jelar da ruwan zafi, ta kankare ta tas, ta daddatsa, ta zuba a tsohuwar tukunyar ƙasarta da daddawar Roni da barkono da ɗanyar kuɓewa. Can sai ta buɗe ta sunkuya ta shaƙi tururin, ta ƙara ɗan abu kaza ta rufe. Ƙamshin ya cika rugar har karnuka suka zo suka yi layi a bakin zana.

Bayan azahar Goggo ta iso a kan jaki, ta riga su Hamma don ta ga abin da ake ciki. Mace ce mai jiki da murya, tun daga bakin garke ake jin ta. Ta zo da alkaki da nakiya cikin kwanon sha mai murfi, irin na matan birni.

"Ina amaryar Baffa?" ta ce, haka take tsokanar Inna. "Kai, kai, kai! Wannan girki haka, sarki za ku sauka? Ko dai wani ake yi wa?"

Inna ta sunkuyar da kai tana gyara itace. "Sannu da hanya, Goggon yara. Cika-ciki ne kawai."

"Cika-ciki ne kawai! Allah ya nuna mana na baɗi mu gani ko haka za a yi."

Rana ta yi ja sai muka ji yara sun ruga suna "Ga Alhaji! Ga Alhaji!" Na watsar da abin juya waina na bi su. Dogo ne siriri, ya yi duhu, da farin rawani da ɗan gemu, tafiyarsa sak ta Baffa. Baffa ya rungume shi, tsoho yana kuka ba kunya. Hamma ya dube ni ya ce, "Wannan ce autar? Ke ce kika zama mace haka?" Ni kuwa sai dariya nake yi kamar wawuya. Ya shigo ya durƙusa a bakin zanar da ta raba tsakar gida da madafa, ya yi gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa. Goggo ce ta amsa. Inna tana can ta ba da baya, tana tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu.

Aka kira magariba, aka sha ruwa, aka yi salla. Maza suka zauna a tabarma a tsakar gida, Baffa da Hamma da 'yan'uwan Baffa da maƙwabta. Muka fara jigilar akussa. Inna ta ɗauko wani ƙaramin akushi, ta zuba miyar jela, ta tsamo gutsuren da ya fi kowane kitse ta ɗora, ta kwarara man shanu. Ta riƙo hannuna ta matso da bakinta kunnena.

"Ki ajiye a gaban baƙon. In an tambaya, ki ce Goggo ce ta yi."

"Inna, Goggo da ta zo bayan azahar?"

"Ki ce Goggo ce ta yi, na ce."

Na kai na ajiye, na koma gefe na tsaya ina huci. Hamma ya gutsuri tuwon gero ya dangwala ya kai baki. Sai ya daina tauna. Ya daɗe a haka kansa a ƙasa, sannan ya ci gaba, loma bayan loma, bai ko kalli zabin da wainar da na sha wuya a kanta ba. Ana ta yi masa tambayar Makka da teku da jirgin ruwa, yana amsawa da kai kawai. Ya suɗe akushin tas.

Wani ƙanen Baffa ya ce, "Kai, Alhaji, a Makkan ba sa miya ne? Wa ya yi wannan da ta hana ka magana?"

Goggo daga bayan zana ta amsa yadda aka saba amsawa, don ta rufa wa Inna asiri: "Ni ce mana, wa ya san bakinsa in ba ni ba?"

Hamma ya ce, "Allah ya saka da alheri, Goggo."

Nan fa haƙurina ya ƙare. Na tuna Inna, tsohuwar nan da ta yi kwanaki ba ta zauna ba, ta yini da azumi a kan wuta hayaƙi yana cin idonta, ga godiyar ta tafi wani wuri, gobe da safe kuma shi ke nan. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"Wallahi ba Goggo ba ce! Inna ce ta yi! Ita ta rataye jelar, ita ta dafa, ita ta zaɓa maka wannan tsokar da hannunta. Duk abin nan da kuke gani kai aka yi wa!"

Baffa ya ce, "Ke!" Goggo ta ce, "Innalillahi, wannan yarinya da baki take!" Na ji ƙarar murfin tukunya ya faɗi, na waiga na ga bayan Inna tana shigewa ɗaki. Na ce shi ke nan na kashe daren, yanzu ko ƙeyarta ba zai ƙara gani ba har ya tafi. Amma ko yau aka mayar da ni wurin sai na sake faɗa.

Hamma bai ɗago ba. Ya ɗauki akushin da hannu biyu ya miƙo mini.

"Auta," ya ce, "yau cika-ciki ne, ni kuwa ban ƙoshi ba. A ƙaro mini."

Na karɓa na zagaya madafa. Na sa ludayi a tukunya ke nan sai na ji an riƙe hannuna. Inna ce. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, idanunta sun yi ja. Na runtse ido ina jiran mari. Sai kawai ta zare ludayin daga hannuna, ta cika akushin da kanta. Na miƙa hannu in karɓa, ta ture ni da gwiwar hannu.

Ta fita tsakar gida da akushin. Inna, a gaban maza, a gaban ɗan farinta! Goggo ta dafe ƙirji. Baffa ya miƙe zumbur ya ce bari ya dubo maruƙa, kamar ya ji motsi a garke, sauran mazan ma kowa ya ga abin dubawa a ƙasa. Ta taka a hankali har bakin tabarmar, ta durƙusa, ta ajiye akushin a gabansa, fuskarta tana kallon zana. Hamma ya dunƙule wuri ɗaya, hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga a kan rigarsa.

Ta yunƙura za ta tashi, sai ta dakata. Ba ta dube shi ba.

"A ci a hankali," ta ce. "Akwai ƙashi."

Ta koma madafa ta hau kankare tukunya. Na zauna da Inna shekaru masu yawa bayan wannan, har ranar da muka rufe mata ido, kuma iyakar maganar da na taɓa ji ta yi masa ke nan.