Ranar da Duron Ya Farka

Mijina ya dawo daga yaƙin basasa da bargo, da tari, da wani ilmi da na so a ce can ya baro shi. A kudu ya ga yadda ake jiƙa sukari a duro, a bar shi ya yi kumfa ya tsuma, sannan a dafa a tatsi ogogoro. Mu a ƙauyenmu, ƙasa da duwatsun Mpape, burkutun dawa muka sani, kuma ba mai ɓoye shi. Ogogoro kuwa kama mutum ake yi a kansa. Akwai wani daga wajen Bwari da aka tafi da shi da igiya a ƙugu, da ya fito daga gidan yari bai ƙara ɗaga fartanya ba. Mai tari irin na mijina, na san in ya shiga ba zai fito da ƙafarsa ba.

Na faɗa masa haka. Ya ce wanda harsashi bai kashe ba, ɗan sanda ba zai razana shi ba. Na ce ai shi ya sa ni da ba a harba ba nake da sauran hankali.

Ya samo duro ya jiƙa sukari a ciki, ya binne shi a bayan rumbu, ya rufe da kara. Marka ce, sama ba ta hutawa, ƙasa ta yi sanyi ƙalau. Aka kwana, aka tashi, duro shiru. Kullum da safe sai ya durƙusa ya kara kunne, ya tsoma yatsa ya lasa, ya ce har yanzu zaƙi. Ya ƙara yis ɗin burodi, ya motsa da sanda. Ya ce yunwa abin yake ji, ya ƙara masa sukari, sai ya ƙara yin lakwas. Ya zargi ruwan rafi, ya zargi mai kanti, har ya fara yi wa maƙwabciyarmu wani irin kallo.

Ni ba shan kowa ne ya dame ni ba. So nake duron ya tashi, a dafa, abin ya bar min gida. Kare ya yi haushi, gabana ya faɗi. Na hango hula a hanyar rafi, in ce ga ɗan sanda nan. Tsoro ya hana ni cin tuwon da na tuƙa da hannuna.

Da na gaji na je wurin ƙanwar uwata, wadda burkutunta ya yi suna har Ushafa.

"Inna, in giya ta ƙi tashi fa?"

Ta kalle ni. "Yaushe kika fara dafa giya ban sani ba?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Giya jaririya ce. Ba ta son sanyi, ba ta son ɗura." Ta kwaso min abin da ya kwanta a gindin tukunyarta cikin 'yar ƙwarya, ta ce kada in gaya mata komai.

Muka tono duron, muka tsinka shi da ruwan ɗumi, muka zuba abin Inna. Muka kai shi ɗakin girkina kusa da murhu, na lulluɓe shi da bargon sojan. Ba a jima ba ya farka. Ɓul, ɓul, kamar tsoho na kurkure baki, ga wari ya cika ɗakin har yana fita ta jinka.

Washegari da hantsi sai ga mai unguwa da wasu mutane cikin kaki, da dogayen sanduna, ɗaya riƙe da gwangwani. Wai mijina ya iya Turancin soja, shi zai yi tafinta. Suka zauna a gindin mangwaro, daf da ƙofar ɗakin girki.

Na jawo turmi na hau daka ba komai a ciki, don kada a ji duron. Na watsa barkono a garwashi don wari. Kowa ya kama tari, na mijina ya fi na kowa, ya juyo ya harare ni. Mai gwangwanin ya taso ya tsaya a bakin ƙofa.

"Madam, akwai ruwa?"

Na miƙa masa, rabi ya zube a hannuna. Ya sha, idonsa a kan bargo, hancinsa na motsi.

"Wannan yaro naki ta tashi lafiya," in ji shi da gurguwar Hausa.

"Kunu ne, oga."

"To. Kunu."

Ya yi murmushi, ya tsoma buroshi a gwangwanin, ya zana wani jan abu a bangon ɗakin. Ban iya karatu ba a lokacin, amma a ganina ban buƙaci malami ba. Sannan suka sa mijina a tsakiya suka fita da shi.

Na ce shi ke nan, sun tafi da mutum, za su dawo ɗaukar shaida. Na ɗauki tulu na riƙa ɗiba, ina saɓawa a kafaɗa, ina kaiwa kwari ina juyewa. Ina gudu ina kuka, ina zagin sukari da wanda ya kawo shi. Sai da na ga gindin duron na tsaya na numfasa.

A dawowata ta ƙarshe na ɗaga kai. Ga ja a bangon maƙwabciyata. Ga shi a na Inna. Ga shi a coci, har da zauren mai unguwa.

Da la'asar mijina ya shigo da ƙafarsa, ba igiya. Ya leƙa duron, ya ga wayam. Na shirya wa faɗa, amma ko kallona bai yi ba, ya zauna a ƙasa.

"Ba wannan suka zo nema ba," ya ce. "Gwamnati za ta gina birni. Duk inda suka sa ja, nata ne. Har gonar."

Tun safe nake roƙon Allah kada a raba shi da gidan nan. Sai a lokacin na ji wani tsoro da ban san inda zan kai shi in juye ba. Na tambaye shi ina za mu koma. Ya ce ya tambaya, sun ce su awo kawai aka aiko su.