Hoton Fasfon Yaya

Shagon yayana yana kallon ƙaramar ƙofar jami'a, titi kawai ne a tsakani. Ba wani shago ba ne: kujera ɗaya marar hannu, jan ƙyalle da fari da ake ratayawa a bango, madubi tsagagge a gefe, sai wata baƙar kwat ta aro da ta shiga hotunan ɗalibai ba adadi, ta yi wa wani yawa, ta matse wani. Hoton fasfo yake ɗauka. Lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai layi har bakin kwata, kuma kowa Baba mai hoto yake ce masa. Ni Yaya nake cewa, shi kuma har yau da na aurar da 'ya, Auta yake kirana.

Abin da ke ba ni haushi da aikinsa shi ne rashin sauri. Kafin ya danna kyamara sai ya tambayi yaro me zai karanta. In ka ce likitanci ko lissafi, ya yi maka addu'a ya sallame ka. Amma in tsautsayi ya sa ka ce tsangayar adabi aka ba ka, musamman sashen tarihi, to ka gyara zama. Zai daidaita maka wuyan riga, ya tambayi su wa ke koyarwa yanzu, wane littafi aka ce ku saya, ko har yanzu ɗakin karatun yana saman bene. Na baya suna ta tsaki, shi ko a jikinsa. Daga nan ya koma kan kwamfuta ya share wa yaro ƙuraje, ya kwantar masa da gashi, ya rage duhun ƙasan ido. Cewarsa hoton nan zai bi mutum har ya gama makaranta, bai kamata ya fita da gajiyar layi a fuska ba.

Gurbin karatun tarihin nan shi ma an taɓa ba shi. A shekarar ne ɓarin jikin mahaifinmu ya shanye. Shagon dama na tsohon ne, ga mu yara rututu, ni ko firamare ban gama ba. Yaya ya ce zai riƙe shagon zuwa baɗi, kafin tsoho ya miƙe. Tsoho bai miƙe ba. Mu muka yi ta wucewa ɗaya bayan ɗaya, har ni na tsallaka titin nan na karanta haɗa magunguna na fito, shi yana nan inda yake. Bai taɓa yi mana gori ba, kuma wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi a raina. Abin da na sani kawai, in ciniki ya lafa yakan jawo benci waje ya zuba wa ƙofar jami'a ido, yana kallon masu fitowa da littafi a hammata, har shayinsa ya huce.

Bana, bayan autarsa ta kammala nata karatun, ya kira ni ya ce ya nemi gurbi a tsarin da ake karɓar manya, kuma an ba shi. Yana faɗa yana goge gilashin kyamara, bai yarda mun haɗa ido ba. Na yi ta tsokanarsa, na ce ko in sayo masa jakar goyo da gorar ruwa. Saura rajista. Da yake kakar aikinsa ce sai ya yi ta jan ƙafa, har aka zo ranar ƙarshe, wanda kuwa bai yi a ranar ba gurbinsa ya tafi. Na nemi izini a wurin aiki na zo na tsaya masa a ka.

Sai ga matsala: mai hoto ba shi da hoto. Duk hotunan gidanmu shi ne a bayan kyamara. Wurin abokan sana'arsa kuwa ya ce ba zai je ba, sai su shekara suna yi masa dariya. Dole ya miƙo mini kyamarar, ya sa kwat ɗin aro, ya zauna yana ba ni umarni daga kan kujera: matsa baya, sauko da hannu, kar ki numfasa. Da hoton ya fito a kwamfuta ya ƙura masa ido. Furfura ta cinye gemu, goshi ya yi layi-layi, idanu sun faɗa. Ya ce in ba shi ɗan lokaci ya taɓa shi kaɗan, ni kuma na tafi sayo ambulan.

Ban ga abin da ya buga ba sai a teburin rajista, bayan mun sha layi a wata doguwar baranda mai warin sabon fenti. Ma'aikaciyar, wata matashiya mai gilashi, ta zaro hotunan ta duba, ta ɗago ta dubi Yaya. Ni ma na leƙa. Hannunsa ya yi abin da ya saba, sai dai wannan karon bai san inda zai tsaya ba. Ya baƙanta gashi, ya share gemun, ya cike kumatu, ya goge goshi tas. Saurayin da ke cikin hoton na san shi. Shi ne yake goya ni a keke ya kai ni makaranta.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta cikin ladabi, "ba a yi wa wani rajista. Sai yaron ya zo da kansa."

Na buɗe baki da faɗa a cikinsa, Yaya ya taɓa hannuna.

"Ya so ya zo, 'yata," ya ce. "Ya daɗe yana so. Ni ɗin dai aka samu."

Ta sake duban hoton, ta duba takardunsa, ta gane. Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ce ba za ta iya karɓar wannan ba, domin da shi za a yi katin shiga jarrabawa, kuma ba wanda zai yarda shi ne. Amma in ya kawo wanda ya yi kama da shi kafin a tashi, za ta ajiye masa takardunsa a gefe.

Muka tsallako titi. Na yi niyyar balbale shi da faɗa, amma da na ga yadda ya rungume ambulan ɗin a ƙirji, sai na fasa. A shago ya tsaya gaban kwamfuta, saurayin nan yana kallonsa daga ciki. Tsoro ya kama ni sosai, domin na san halin Yaya. Yana iya rufe kwamfutar ya ce a bari kawai, ya kira na gaba a layi, kuma shi ke nan ba zai sake tayar da zancen ba har abada.

"Auta," ya ce, "na farkon da kika ɗauka yana nan?"

Na ce yana nan. Ya buga shi yadda yake, furfura da komai, ya yanke gefunan da almakashi a hankali, ya hura su suka bushe. Na miƙe zan bi shi, ya ce a'a, in tsare masa shago, wannan tafiyar shi kaɗai zai yi ta.

Na tsaya a bakin shago ina kallonsa yana jiran motoci su wuce. Ya tsallaka, mai gadi ya ɗaga masa hannu, ya shige cikin yaran da ya haifi sa'o'insu har na daina hango furfurarsa. Ina nan tsaye wata yarinya ta iso tana haki, tana son hoto kafin a rufe ofis. Ta leƙa ciki, ta tambaye ni ina Baba mai hoto.

Na ce, "Ya tafi makaranta."

Sai da na juya mata baya na share fuskata kafin na iya ɗaukar kyamarar.