Maɗacin Kakata a Cikin Tsohon Firij

Ƙamshin man kaɗanya a jikin ɗanyen maɗaci ne ke fara zuwa mini idan na tuna wancan lokacin. Mahaifina masassaƙi ne a Sabonjida. Yana da injin da ke juya itace, shi kuma yana bin sa da ƙarfe har akushi ya fito. A daminar da na gama sakandare, iska ta kayar da maɗacin da kakata ta shuka a gidanta na Kukuo. Baba ya yanko gungume shida, ya shafe bakin kowanne da man kaɗanya, ya jera su a inuwa. Ya ce sai sun shekara, sannan kowanne cikin mu 'ya'yansa shida zai sami akushi daga itacen mahaifiyarsa.

Shekara ta yi mini nisa. Na karanta cewa ana busar da itace a tsohon firij cikin 'yan makonni. Na kai wa Baba maganar ina jiran ya yi dariya, amma sai ya ce mu gwada.

Mun samo mataccen firij a Sagnarigu. Na huda sama da ƙasa, na ɗaura ƙwan fitila da ƙaramar fanka, Baba na riƙe mini waya yana tsokanata wai injiniya ta sauka a gidansa. Da na zo saka itacen, man ya dame ni. A ganina ya toshe wa ruwa hanyar fita. Na sa tsumma na goge shi tas, ban tambayi kowa ba. Baba ya leƙa kafin in rufe, ya ce, "Ya yi, uwata." Haka yake kirana, don sunan kakata aka sa mini.

A kwana na tara, ina shanya da hantsi, na ji ƙara kamar an karya rake. Na buɗe. Biyar sun tsage har tsakiya, na shida ma da siririn layi. Baba ya zo ya yi ta shafa bakin itacen da yatsa, sannan ya kai yatsan hancinsa.

"Ina man?"

Na faɗa masa. Ya ce man ne ke hana baki ya riga ciki bushewa, kuma laifinsa ne da bai gaya mini ba. Da ya yi faɗa, da na fi samun sauƙi. Daga na shidan ya fitar da ɗan akushi, bai wuce na zuba yaji ba, ya ba ni, ni da na ɓata. Sauran biyar suna nan a bayan ɗaki, Mama ta hana a sa su a wuta.

Bayan shekara uku, da ya ajiye aiki gaba ɗaya, Mama ta gaya mini cewa tun kafin bishiyar ta faɗi likita ya shaida masa idonsa da wuya ya kai wata damina. Shi ya sa ya yarda da gaggawata. Ranar da ya leƙa cikin firijin, hasken ƙwan kawai ya gani.