Lasifikar da Na Zaɓa don Gangar Kawu

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, aikina shi ne yawo ƙauyuka da rakoda ina ɗauko kiɗa da waƙa, in gyara, in aika gidan rediyo a Kaduna. A Ikara nake zaune, kuma a ɗakin soron gidanmu nake gyaran. Nakan saurari abin da na ɗauko, in murɗa maɓallai, in ƙara wannan sauti in rage wancan, sannan in juye a sabon tef. Tef yana wuya a lokacin, don haka da na gama juyewa sai in goge na farkon, in sake fita da shi.

Ina da wata lasifika da nake ji da ita, babba, mai akwatin katako mai sheƙi, wadda na ciro daga jikin wani tsohon garmaho a Zariya. Duk abin da ka saka mata sai ta ƙara masa kauri da zaƙi. Ko tari ka yi, sai ka ji kamar na attajiri. Baƙi kan zo musamman don su ji ta, ni kuma in yi ta hura hanci.

Kawuna, yayan mahaifiyata, makaɗin gangar noma ne a Likoro. Daga Kudan har Makarfi babu manomin kirki da bai san takensa ba, wato kiɗan da aka keɓe wa mutum shi kaɗai. A wurin gayya, in ganga ta kira taken mutum, dole ya ɗaga garma ya amsa. A daminar da nake ba da labari hannun Kawu na dama ya fara rawa, ya kuma faɗa mini ba zai sake rataya ganga baɗi ba. 'Ya'yansa babu wanda ya koya. Na ci alwashin sai na adana kiɗan nan kafin ya ajiye.

Na ɗauko shi a wata gayya, na dawo gida na zauna gaban lasifikata. Ganga ta yi ta ruri har ƙyaure yana girgiza, sai na ga ta yi yawa, na yi ta rage ta har ta yi mini daidai a kunne. Na juye, na goge na farkon kamar kullum, na ɗauki abina sai Likoro.

Manoma suka taru a gindin tsamiya, na kunna musu a ƙaramar rakoda. Take ya wuce, wani ya biyo, babu wanda ya motsa. Ana jin kazagi, ƙaramar gangar da ke rakiya, yana ta ƙara, amma uwar gangar ta zama kamar ana buga faranti. Kaurin da na yi ta ragewa ashe ba a tef yake ba, lasifikata ce ke ƙara shi. Kawu bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ne kawai, cikin natsuwa, ko wane ne wannan makaɗin. Ban taɓa jin zafin tambaya irin wannan ba.

Gayya ɗaya ta rage a shekarar, a Kurmin Kogi, nan da mako biyu. Na ajiye komai na shiga neman lasifikar da ba ta ƙari ba ta ragi. Na aro rediyon wani malamin makaranta a Makarfi. Na roƙi direban motar majigi ya ba ni ƙahonsa na yini ɗaya. Wani mai gyaran rediyo a Zariya kuma ya miƙo mini wata 'yar lasifika toka-toka, mummuna, fentinta duk ya kankare, ya ce masu saye ba sa son ta don ba ta da daɗi. Na ɗaure su a bayan keke da a mota, mutanen Ikara suna tsokanata wai zan buɗe kasuwar kwalaye.

Na ɗauko Kawu na zaunar da shi a tsakar gida. Zai buga, in ɗauka, in kunna nan take a kowace lasifika, in rufe ido in gwada da abin da kunnena ya ji yanzun nan. Ƙahon majigi ihu kawai ya iya. Rediyon malam ya shanye gangar gaba ɗaya. Tawa ta mayar da ita tambari. Ita kuwa mummunar, abin da aka ba ta shi ta mayar, har da ƙarar igiyar rataya a kafaɗar Kawu da kazar da ke tono a gefe. Gaskiya ban so ta ba, na sake gwajin har sau huɗu ina fatan tawa ta ci. Ba ta ci ba, na tura ta ƙarƙashin gado.

A Kurmin Kogi Kawu ya yi kiɗa tun hantsi har azahar. Da na zauna gyara da sabuwar lasifikar, komai ya fito sarai, har da abin da ban so ji ba. Can wajen ƙarshe Kawu ya buga taken mahaifina, wanda ya rasu shekara uku kafin nan, kuma a tsakiyarsa sandar kiɗan ta tsaya, ta yi jinkiri, sannan ta ci gaba a raunane. Na jawo tsohuwar lasifika na gwada, sai rurinta ya rufe wurin, ba ka jin komai. Na san in na ƙara kauri zan iya ɓoye shi a tef ɗin ma. Yini guda na yi hannuna a kan maɓalli. Ba na son mutanen Arewa su ji hannun kawuna yana gazawa, kuma ba na son in sake yi masa ƙarya.

A ƙarshe na yi kashi biyu, ɗaya na ƙara masa kauri, ɗaya na bar shi yadda yake, na ƙi goge na farkon, na aika aka zo da Kawu. Na kunna masa mai kaurin, ya gyaɗa kai ya ce da daɗi. Na kunna ɗayan. Da aka zo wurin, na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, nan hannun ya ɗan yi gardama. In ka yarda sai in rufe shi."

Ya sa na mayar baya, ya sake saurara. Sannan ya ce, "Wannan ba rawar hannu ba ce. Na buga wa mahaifinka ne, na ɗaga kai ina jiran ya ɗaga garma, sai na tuna. Kada ka taɓa shi."

Haka na aika da shi Kaduna. Ranar da aka saka a rediyo, an ce mini a Likoro maza sun yi ta ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya suna amsa takensu. Ni ina gida tare da mahaifiyata, tana tsintar wake a tire. Da aka zo taken mijinta, gangar ta tsaya, ita ma hannunta ya tsaya, kuma bai koma cikin waken ba sai da aka gama.